Daga Hubbare zuwa intanet: A ina ɗalibi zai sami Muhammadu Bello kyauta?

Duk wanda ya saba kai ziyara Hubbaren Shehu a birnin Sakkwato ya san wurin ba ya rabuwa da jama'a. Akwai tsofaffin mata daga ƙauyuka, da baƙi daga Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen maƙwabta, da 'yan makaranta a jere malaminsu na gaba. A tuɓe takalma, a yi sallama, a yi wa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da waɗanda ke kwance kusa da shi addu'a, sannan a fito. A wata ziyara da na kai kwanakin baya, na ji wani saurayi, da alama ɗalibin jami'a ne, yana tambayar abokinsa wanne ne kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wani dattijo da ke kusa ya amsa masa cewa ai Bello yana Wurno, can ya rasu kuma can aka yi masa sutura. Saurayin ya yi godiya cikin ladabi, amma suna fita ƙofa sai na ga ya zaro wayarsa yana dubawa, don ya tabbatar da abin da aka gaya masa.

Wannan zaro waya da ya yi shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ko mun so ko mun ƙi, ɗalibin yau wayarsa yake fara tambaya kafin malaminsa, kuma abin da bai samu a cikinta ba yakan ɗauka babu shi. Saboda haka ya kamata mu san me zai tarar idan ya nemi Muhammadu Bello a intanet ba tare da ya biya kuɗi ba, da bakin wa zai ji labarin, da kuma abin da zai rasa.

Jarumin yaƙi kuma mai tsara mulki

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Yana da kimanin shekara 23 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, kuma yana cikin waɗanda suka halarci yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yunin shekarar, ƙarƙashin jagorancin baffansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Shi ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya kafa Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a, ya riƙe al'amarin Musulmi shekara 20, yana fama da tawaye a ciki da hare-hare daga waje. Shekara guda kafin rasuwarsa, wato a 1836, ya fita da kansa zuwa Gawakuke inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Ya rasu a Wurno a 1837.

A tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe bai ajiye alƙalami ba. Littattafai da ƙasidun da ake jingina masa sun haura 100. Ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, wanda har yau shi ne madogara ta farko ga mai son tarihin jihadi. Ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje Usulus Siyasa kan ƙa'idojin shugabanci. Ya yi rubutu kan ribaɗi, wato garuruwan tsaron iyaka irin su Wurno, da kan zaunar da makiyaya, har da magungunan ciwon ido da basir. Ga kuma wasiƙun da suka yi musaya da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno kan halaccin jihadin kansa, waɗanda Bello ya kawo su cikin Infaƙu tare da hujjojin abokin muhawararsa. Mutum irin wannan, wanda ya haɗa takobi da mulki da ilimi, ya cancanci a ce duk ɗalibin da ya neme shi ya same shi cikin sauƙi.

Yadda wasu suka yi da nasu

Don mu auna inda muke, bari mu leƙa wani da ya rayu a zamani ɗaya da Bello a wata nahiya. Janar Lafayette na Faransa an haife shi a 1757, ya rasu a 1834. Ya taya Amurkawa yaƙin neman 'yanci daga Ingila, kuma yana fagen daga a Yorktown a 1781, shekarar da aka haifi Bello. Ya koma gida ya zama kwamandan dakarun tsaron Faris a farkon juyin juya halin 1789, ya sha ɗauri na shekara biyar a hannun Jamusawa da Ostiriyawa daga 1792 zuwa 1797, sannan ya sake taka rawa a juyin 1830. Aƙidarsa da manufarsa daban suke da na Bello, kuma ba ina gwada jihadi da juyin juya halin Faransa ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu sun ja runduna a lokacin da tsohon tsari yake rushewa, sun shiga aikin gina sabo, kuma sun bar takardu masu yawa.

Ɗalibin da ke son nazarin Lafayette a yau ba ya buƙatar barin ɗakinsa. Babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa yana da rumbun intanet mai suna Gallica, wanda aka buɗe tun 1997, kuma a ciki akwai mujalladai shida na tarihin rayuwarsa da wasiƙunsa waɗanda iyalinsa suka buga a 1837 da 1838. Hukumar adana takardun tarihi ta Amurka ta ɗora wasiƙun da ya yi musaya da George Washington da Thomas Jefferson a shafin Founders Online, kowace da kwanan watanta da bayanin mutanen da aka ambata a ciki. Jami'ar Stanford da ɗakin karatun Faransa sun haɗa hannu sun ɗora muhawarorin majalisar dokoki ta zamanin juyin juya hali tare da dubban zane-zane na lokacin. Duk wannan kyauta ne. Mai bincike zai ji Lafayette da bakinsa, ya ji masoyansa, ya ji waɗanda suka kira shi maci amana, sannan ya yanke hukunci da kansa.

To, mu fa? Amsar ba ta kai muni yadda wasu ke zato ba, amma akwai gyara a cikinta. Abin da ke akwai kyauta game da Bello yana da yawa, sai dai a warwatse yake, kuma mafi sauƙin samu a cikinsa shi ne abin da baƙi suka rubuta.

Abin da baƙi suka gani

Wuri na farko da zan tura ɗalibi shi ne Internet Archive, rumbun da aka kafa a Amurka a 1996, inda ake ajiye hotunan tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. A nan zai sami littafin tafiyar Denham da Clapperton da Oudney wanda aka buga a Landan a 1826. Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya zauna da Bello sau da yawa. Ya siffanta kamanninsa da tufafinsa, ya kawo irin tambayoyin da ya riƙa yi masa kan ɗariƙun Kirista da kan yadda Ingila ta mamaye Indiya. A ƙarshen littafin akwai fassarar wasiƙar Bello zuwa ga Sarkin Ingila George na Huɗu, da taswirar ƙasashen Sudan da aka ba Clapperton a fadar Sakkwato, da fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri. Ke nan Bello yana raye, shekara 14 kacal bayan ya rubuta littafin, Turawa suna karanta sashensa a Landan.

Akwai kuma littafin tafiyar Clapperton ta biyu da aka buga a 1829, bayan ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1827. A cikinsa ya ba da labarin harin da rundunar Bello ta kai wa Gobirawa a Konya a 1826, wanda ya gani da idonsa. Sai mujalladai biyar na Heinrich Barth, Abdulkarimu, Bajamushen da ya iso Wurno da Sakkwato a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello, ya karanta littattafan shugabannin jihadi, ya kuma bayyana halin da daular take ciki shekara 16 bayan rasuwar Bello.

Waɗannan littattafai suna da daraja, domin shaidar gani da ido ce mai kwanan wata. Amma a karanta su da lura. Clapperton na 1824 baƙo ne da aka karrama, yana yabon mai masaukinsa. Clapperton na 1826 ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Barno, Bello ya hana shi wucewa da wasiƙa da kyaututtukan da ya ɗauko wa Alkanemi, sai harshensa ya sauya. Wanda ya karanta ɗaya ya bar ɗaya zai tafi da rabin labari. Bugu da ƙari, bugun 1829 da ke yawo kyauta ya bi ta hannun masu tacewa a Landan. Cikakken abin da Clapperton ya rubuta da hannunsa sai a 2005 Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka fitar da shi, kuma wannan na sayarwa ne.

Ganimar Segu

Ɗalibin da ya iya Larabci, wanda yake son ya ga rubutun malaman Sakkwato da tawadarsa da warashinsa, zai yi mamakin inda hanya za ta kai shi: Faris. Dalili kuwa shi ne, Alhaji Umaru Alfuti ya zauna a Sakkwato shekaru da dama bayan dawowarsa daga Makka, ya auri 'yar Bello, kuma da ya koma yamma ya tafi da kwafin littattafan Shehu da Abdullahi da Bello. Waɗannan suka shiga taskar littattafan ɗansa Ahmadu a Segu, cikin ƙasar Mali ta yau. A watan Afrilun 1890 Kanar Archinard na Faransa ya ci Segu, aka kwashe taskar, mujalladai kimanin 500, aka kai Faris. An buga jerin abin da ke cikinta a 1985, kuma da yawa daga cikin mujalladan yanzu suna kan Gallica, kowa na iya buɗewa ya sauke shafi-shafi.

Abin da ɗaci a ce hanya mafi sauƙi da ɗan Sakkwato zai ga rubutun hannu na littattafan Bello kyauta ita ce ta ganimar da sojan mulkin mallaka ya kwasa. Amma gaskiya ɗaya ce, kuma ɗacinta ba zai hana mu amfani da abin da namu ne tun asali ba.

A Gallica da Internet Archive kuma akwai Tarihin Sakkwato na Alhaji Sa'idu, wanda ya zauna a fadar ya kuma ba da labarin sarautar Bello da Atiku da Aliyu Babba. Wani Bafaranshe mai suna Houdas ya buga shi haɗe da Tazkiratun Nisyan, Larabcin a 1899, fassarar Faransanci a 1901. Ɗalibai kaɗan ne suka san da shi, alhali yana ɗauke da bayanai kan halayen Bello da zaman fadarsa waɗanda ba a cika samu a wani wuri ba.

Muryar waɗanda aka ci da yaƙi

Janar ba ya yaƙi shi kaɗai, kuma tarihin yaƙi ba ya cika sai an ji ta bakin ɓangare biyu. Zuriyar sarakunan Gobir da Katsina da suka koma Tsibiri da Maraɗi suna da nasu labarin. Wani jami'in Faransa mai suna Landeroin, tafintan ayarin Tilho da ya shata iyakar Nijar da Najeriya tsakanin 1906 da 1909, ya tattara labaran baka daga waɗannan masarautu, aka buga su cikin rahotannin ayarin. Su ma suna nan kyauta, da Faransanci. Mai karanta su tare da Infaƙul Maisuri zai ga inda labaran suka dace da inda suka saɓa. Wannan ba rage darajar magabata ba ne. Bello da kansa ya nuna mana hanya lokacin da ya ajiye hujjojin Alkanemi cikin littafinsa kafin ya mayar da martani. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ma a kan wannan turba ya gina nazarinsa na tarihin Katsina: a tambayi kowace madogara wa ya rubuta ta, yaushe, don wa, kuma me yake nema.

Jerin littattafai da binciken masana

Kafin mutum ya nemi littafi sai ya san akwai shi. A nan rumbun WAAMD yake da amfani, wato jerin rubuce-rubucen Larabci na Afirka ta Yamma wanda Farfesa Charles Stewart ya faro, yanzu kuma Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ke riƙe da shi. Ba ya ba da matanin littafi, amma yana faɗin sunansa da mawallafinsa da inda kwafinsa yake. Haka ɗakin karatun Herskovits na Jami'ar Northwestern a Amurka, inda taskar Malam Umaru Falke na Kano take, mai ɗauke da takardu sama da 3,000. Jerinta a buɗe yake ga kowa.

Shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na ɗakin karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki hotunan waƙoƙin jihadi na Fulfulde da aka rubuta da ajami, da wasu takardu daga gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ya ɗora su kyauta. Jami'ar Boston tana da rumbun ajami na Afirka mai ɗauke da rubuce-rubucen Hausa da yawa. Waƙa a wancan zamani madogarar tarihi ce. Nana Asma'u ta yi wa ɗan'uwanta Bello marsiyya, ta kuma waƙe nasarar Gawakuke, kuma wanda ya tsallake irin waɗannan ya tsallake shaidar cikin gida.

Ta fuskar binciken zamani kuwa, JSTOR yana ba duk wanda ya yi rajista damar karanta wasu maƙaloli a kowane wata ba tare da biya ba, kuma a can mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Najeriya take, da maƙalolin Murray Last da Mervyn Hiskett da Abdullahi Smith. Persée na ba da mujallun Faransa kyauta, AJOL kuma na tattara mujallun Afirka, wasu kyauta wasu da kuɗi. Makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, inda Mahmud Minna ya rubuta kundin digirinsa na uku kan gudummawar ilimi ta Bello a 1982, ta saki tsofaffin kundayen ɗalibanta da yawa a intanet. Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da rumbunta mai suna Kubanni. Ɗalibin da ya haƙura ya bi waɗannan zai tara abin da a da sai an yi tafiyar watanni kafin a same shi.

Hattara da kasuwar bayan gari

Intanet kasuwa ce, akwai mai gaskiya akwai mai algus. Malamanmu sun bar mana ma'auni tun tuni, wato isnadi: daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji? Duk maganar hikima da aka liƙa wa Shehu ko Bello a Facebook ko WhatsApp ba tare da sunan littafi da babi ba, a ajiye ta gefe har sai an gano asalinta. Hotunan da ake yaɗawa da sunan Shehu ko Bello kuwa ba nasu ba ne. Shehu ya rasu a 1817, Bello a 1837, fasahar ɗaukar hoto kuma sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faris. Wikipedia tana da amfani a matsayin mashiga, musamman jerin madogaran da ke ƙasan shafi, amma ba a kafa hujja da ita a kundin digiri. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma sukan ƙago sunan littafi da lambar shafi su miƙa wa mutum cikin kwarjini. Duk abin da suka faɗa sai an je an gani da ido.

Sai batun rubutun sunaye. Injin bincike ba ya fahimtar cewa Sakkwato ita ce Sackatoo ko Soccatoo ta Clapperton, ko cewa Fulani su ne Felatah a wurinsa, Fulbe a wurin Barth, Peul a wurin Faransawa. Wanda ya rubuta sunan da haruffan Hausa kawai zai ce babu komai, alhali akwai. A gwada rubutun Ingilishi na da, da na Faransanci, da na Larabci. A kuma kula da kwanan wata: malaman jihadi da Hijiriyya suke lissafi, don haka 1218 ita ce shekarar hijira zuwa Gudu, 1227 shekarar Infaƙu, 1253 shekarar rasuwar Bello. Shekarar Hijiriyya takan ratsa shekaru biyu na Miladiyya, shi ya sa ake ganin saɓanin shekara guda tsakanin marubuta.

A kuma bambanta fassara da asali. Littafin E. J. Arnett na 1922, wanda da yawa ke ɗauka fassarar Infaƙul Maisuri ce cikakkiya, a wurare da dama taƙaitawa ce da sake zubi. Mai son ainihin lafazin Bello sai ya koma ga Larabcin, kamar bugun Whitting na 1951 ko bugun Rabat na 1996. Daga ƙarshe, duk abin da ka samu ka sauke shi ka adana, ka rubuta inda ka samo shi da ranar. A watan Oktoban 2023 masu kutse sun afka wa ɗakin karatun Birtaniya, ayyukansa na intanet suka tsaya watanni. Abin da ke hannunka shi ne naka.

Giɓin da ya rage namu ne

Idan aka tattara duk abin da na lissafa, za a ga inda matsalar take. Abin da Baingile da Bajamushe da Bafaranshe suka faɗa game da Bello yana tafin hannun ɗalibi cikin minti biyu. Abin da Bello ya faɗa da kansa, da abin da Waziri Giɗaɗo ya rubuta game da shi, da wasiƙun da suka riƙa kai da kawo tsakanin Sakkwato da Kano da Katsina da Bauchi da Adamawa, mafi yawansu sai an yi tattaki. Suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa da gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna, da shirin binciken tarihin Arewa a Zariya, da Jami'ar Ibadan. Wasu kuma suna cikin gafakoki da akwatuna a gidajen malamai da sarakuna. Waɗanda suka tattara su suka tsare su, tun daga marigayi Waziri Junaidu wanda ya buɗe wa Murray Last taskarsa har littafinsa na 1967 ya samu, sun yi nasu ƙoƙarin, Allah Ya saka musu. Aikin da ya rage na wannan zamani ne.

Idan aka bar lamarin haka, za mu wayi gari da matasan da suka san kakanninsu ta bakin baƙo kawai, ko ta bakin mai ƙirƙirar labari a waya. Kuma idan wannan ne halin Bello, wanda ya fi kowa barin rubutu, ina ga irin su Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo da sauran jagororin runduna waɗanda labarinsu yake warwatse cikin littattafan wasu da bakin zuriyarsu?

Akwai kuma haɗarin asara. Clapperton ya ba da labarin wata rana da ya tarar da Bello yana duba littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, wanda ya kawo masa kyauta. Bello ya gaya masa cewa gidansu suna da kwafin littafin da wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma ya ƙone a gobarar da ta ci wani sashe na gidan. Idan gobara ta iya cin littafi a gidan Sarkin Musulmi, babu taskar da ta fi ƙarfin wuta da gara da ruwan damina. Takardar da aka ɗauki hotonta aka ajiye a wurare uku ta tsira, ko da asalin ya salwanta.

Na san akwai masu ɗari-ɗari, kuma suna da hujja. Wasu gidaje sun ba da aron littattafai ba a mayar musu ba. Wasu na ganin akwai wasiƙun da suka shafi sirrin zuriya. Maganin wannan shi ne a je gidan mai littafi da na'urar ɗaukar hoto, a yi aikin a gabansa, a bar masa kayansa da kwafi, a rubuta sunan gidan a kan kowane shafi, kuma shi zai zaɓi abin da za a saki da abin da za a riƙe. Wasu kuma za su ce kyautar intanet ba kyauta ba ce ga wanda ba shi da kuɗin data ko wutar cajin waya. Haka ne, amma kuɗin data bai kai kuɗin mota da masauki daga Sakkwato zuwa Ibadan ba, kuma abin da ɗalibi ɗaya ya sauke zai iya raba wa ajinsu duka.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ana buƙatar kyamara mai kyau, da kwamfuta, da ma'aikatan da aka horar, da malaman da suka iya karanta rubutun Magaribi don su tantance sunan kowane littafi. Muna da ɗaliban Larabci da tarihi da ke neman abin yi. Majalisar Sarkin Musulmi da gwamnatocin Sakkwato da Kabi da Zamfara da jami'o'inmu da asusun TETFund za su iya haɗa hannu a kafa rumbu guda na Daular Usmaniyya a intanet, a fara da littattafan Bello: hoton rubutun hannu a gefe, bugaggen Larabci a gefe, fassarar Hausa a gefe. Attajiranmu da ke gina masallatai su tuna cewa ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladarsu ba ta yankewa. Kafin a kai ga wannan, kowane malamin jami'a zai iya farawa da abin da ke hannunsa: ya koya wa ɗalibansa waɗannan rumbuna, ya kuma nemi a ɗora kundayen da ya duba a shafin jami'arsa.

Saurayin nan na Hubbare ya sami amsar tambayarsa daga bakin dattijo, wayarsa kuma na tabbata ta gaskata dattijon, domin inda kabarin Bello yake ba ɓoyayyen abu ba ne. Tambayoyin da zai yi nan gaba su ne masu wuya: yaya Bello ya tsara rundunarsa, me ya gaya wa sarakuna game da haraji da zalunci, me ya sa ya bar Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno? Amsoshin suna nan a rubuce da alƙalamin Bello, a cikin garin da ya kafa. Haƙƙinmu ne mu kai su inda yaron zai duba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.